Ya kuke karanta littattafan matasa da ɗalibanku ba tare da abin ya koma wa'azi ba?

Malamar_Adabi:

Assalamu alaikum malamai da iyaye, dan Allah shawara nake nema. Ina koyar da adabi a sakandare, yaran da nake ɗauka 'yan shekara 14 zuwa 16 ne, to wannan zangon an bani dama in zaɓi ƙagaggen labari guda da zamu karanta tare banda waɗanda ke cikin manhaja. Ni dai raina yafi kwanciya da irin littattafan nan da ake rubutawa dan matasa, waɗanda taurarin sa'o'in yaran ne, labarin abota da rikicin da ke cikinta, ka ga yaro ya fara da wani hali ya ƙare da wani. Dalilina kuwa kusan duk rigimar da ke zuwa gabana ta ƙawance ce, wance ta daina yi wa wance magana, an cire wane daga gurup, wane ya rufa wa abokinsa asiri har abin ya dawo kansa.

Damuwata ita ce duk sanda muka gama labari na ce me kuka koya, amsar kamar sun haɗa baki, mun koyi a guji abokan banza, mun koyi a riƙa jin maganar iyaye, ƙarya ba kyau. Har wanda ko bangon littafin bai buɗe ba zai rubuta min haka ya ci makinsa. Kuma suna fita ƙofar aji su ci gaba da tsangwamar yarinyar da suke tsangwama jiya. Wallahi abin yana ci min rai. Waɗanda suka taɓa gwadawa, wane irin littafi ya kamata in nema, kuma ya ake tafiyar da darasin har ya taɓa su da gaske? Nagode.

Tsohon_Malami:

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Abu na farko da zan ce miki, ki ajiye tambayar nan ta me kuka koya, ko ki kai ta can ƙarshe. Yara sun san amsar da malami ke so tun suna firamare, tambayar ba ta sa su tunani, haddar da suka riga suka yi kawai suke zubo miki.

Abin da nake yi shi ne ba na barinsu su kai ƙarshen labarin kafin mu yi magana. Sai na karanta littafin ni kaɗai tukuna na nemo gurin da tauraron ya shiga tsaka mai wuya, nan nake cewa kowa ya rufe. Misali a ce labarin yara biyu ne aminan juna, ɗaya ya ga abokinsa ya ɗauke wayar wani ɗan ajinsu, sai aka ɗora laifin kan wani sabon yaro da bai da kowa a makarantar har ana maganar korarsa, kuma wannan abokin da ya ɗauki wayar shi ne ya tsaya masa lokacin da mahaifinsa ke kwance a asibiti kowa ya watse. To daidai nan kafin babin da zai yanke shawara sai ki tsayar da su ki ce to ya faɗa ko ya yi shiru, kuma me yasa. Me yasan nan shi ne darasin gaba ɗaya. Wani zai ce ya faɗa dan kar a gano daga baya a hukunta shi tare, wani zai ce ya yi shiru dan in ya faɗa 'yan aji zasu riƙa kiransa munafuki, wata zata ce ai doka doka ce. Na taɓa yin irin wannan da wani aji, wata yarinya da ke zama can baya wadda da ƙyar nake jin muryarta ta ɗaga hannu ta ce Malam in ya faɗa ya rasa aboki, in kuma bai faɗa ba kullum ya haɗa ido da sabon yaron nan sai ya sunkuyar da kai, kuma shi ma abokin nasa ya san ya riƙe shi kenan har abada. Ajin ya yi tsit, sannan musu ya ɓarke har aka buga ƙararrawa basu so tashi ba.

Wannan hanyar ba ni na ƙirƙire ta ba. Akwai wani masanin halayyar ɗan adam ɗan Amurka, Lawrence Kohlberg, da ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Chicago a 1958 kan yadda tunanin yara game da daidai da kuskure ke girma. Yakan ba yara labarin wani mutum Heinz da matarsa ke bakin mutuwa, mai maganin ya tsuga kuɗi ninki goma, Heinz ya rasa yadda zai yi, shin ya sace maganin ko kuwa. Shi Kohlberg bai damu da eh ko a'a ba, hujjar yake saurara. Daga nan ya fitar da matakai shida cikin rukuni uku, daga mai gudun laifi dan tsoron hukunci, zuwa mai yin abu dan a ce masa yaron kirki ko dan bin doka, har zuwa mai duba adalci shi kansa. Daga baya ɗalibinsa Moshe Blatt ya gwada zaunar da yara suna muhawara kan irin waɗannan matsaloli mako bayan mako, sai aka ga da yawansu hujjarsu ta ƙara nauyi, musamman in suna jin hujjar wanda ya ɗan fi su zurfi kaɗan. Kin ga ke nan ba bakin malami ne kawai ke aikin ba, bakin ɗan uwansu da ke benci ɗaya da su ma yana yi, wani lokacin ma yafi shiga.

Abu mai wuya a nan shi ne ke malama ki iya riƙe bakinki. Da kin nuna inda kika karkata ko da da fuska ne shikenan duk zasu bi ki musun ya mutu.

Maman_Uku:

Malam Allah ya ƙara girma, na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma ni a matsayina na uwa akwai inda ban gamsu ba. Ka ce malama ta riƙe bakinta, to in yaron ya tashi daga ajin da ra'ayin cewa rufa wa ɓarawo asiri shi ne amana fa? Ba mun turo su ne dan a nuna musu hanya ba? Yaro ɗan sha huɗu ai ba komai za a bar masa ya yanke da kansa ba. Sannan maganar littattafan su kansu, na taɓa ɗaukar wani da 'yata ta aro wai na matasa ne, wallahi ban kai rabi ba na ajiye, soyayya ce zalla da maganganun da ni kaina na ji nauyin karantawa, abotar ma an sa ta ne kawai dan a samu hanyar haɗa saurayi da budurwa. Ba wai ina ƙin karatu ba ne, ni ma mai son karatu ce tun ina yarinya, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma littafi ma abokin zama ne, yaro sai ya kwana da shi a ƙarƙashin filo. Dan Allah Malama ki karanta shi tas daga farko har ƙarshe kafin ki miƙa wa 'ya'yan mutane, kuma in da hali a sanar da iyaye sunan littafin tun kafin a fara.

Tsohon_Malami:

Hajiya maganarki gaskiya ce, kuma ban ce malama kar ta taɓa faɗin nata ba. Lokacin faɗin ne nake magana. In sun gama fafatawa, an koma an karanta abin da tauraron ya yi da abin da ya biyo baya, to sai ta faɗi nata ƙarara da hujjarta, ta ce barin wanda bai ji ba bai gani ba ya ɗauki laifin wani zalunci ne ko da abokinka ne ya yi. A lokacin sun riga sun sha wahalar tambayar, maganarta zata samu gurin zama. Sanar da iyaye kuwa ina bayanki ɗari bisa ɗari.

Mai_Laburare:

Salam. Ni aikina kula da laburaren makaranta, dan haka bari in taɓa ɓangaren zaɓen littafi. Malama abin da kika gani na yara suna zubo darasi iri ɗaya an yi bincike a kansa. Darcia Narvaez ta yi nazari kan ko karanta labaran tarbiyya na gina hali, ta wallafa a 2002, kuma abin da ta nuna shi ne mai karatu ba ya ɗaukar saƙon da marubuci ya nufa kai tsaye, kowa da abin da ya zo da shi a kansa yake fahimtar labari, ƙananan yara ma sau da yawa wani jigon daban suke fitarwa ba wanda aka yi niyya ba. Wato miƙa wa yaro littafi mai kyau kawai a ce tarbiyya ta samu bai isa ba, sai an zauna an yi magana.

Ni in zan zaɓa abin da nake fara dubawa shi ne shin tauraron yana kuskure na gaske? Akwai littattafan da yaron kirki yake kirki tun shafi na ɗaya, mugun kuma mugu ne har ya mutu ko ya haukace a ƙarshe, irin waɗannan matasa sun fi kowa saurin gane su, suna jin ƙanshin wa'azi sai su rufe zuciyarsu su bar miki ido. Nemi wanda tauraron da kansa ya ci amanar abokinsa ko ya yi shiru lokacin da ake wulaƙanta wani, ya ji kunya, ya rasa yadda zai nemi afuwa, kuma afuwar ba ta zo da sauƙi ba. Sannan abokin da ya yi laifin ya kasance mutum ne mai dalilinsa da kirkinsa, dan a rayuwarsu wanda ke jansu ga ɓarna ba dodo ba ne, wanda suke so ne, wanda ke basu dariya. Ki duba kuma ko manya a labarin suna da amfani, dan wasu littattafan duk iyaye da malamai an maida su wawaye ko azzalumai, wannan ma ba gaskiyar rayuwa ba ce kuma yana koya wa yaro cewa ba wanda zai kai wa kuka.

Rudine Sims Bishop ta Jami'ar Jihar Ohio ta yi wani rubutu a 1990 da ya shahara gurin masu harkar littattafan yara, ta ce littafi kan zama madubi yaro ya ga kansa, ya kuma zama taga ya leƙa rayuwar wanda ba irinsa ba. In kina da damar littafi ɗaya ne kawai ki nemi mai yin duka biyun, yaro mai farin jini a aji ya samu ya shiga zuciyar wanda ake warewa na 'yan kwanaki.

Kan tafiyar da ajin kuma, in yaran na da yawa ki raba su ƙananan rukuni, mutum huɗu ko biyar. Harvey Daniels ya yi littafi kan wannan tsarin a 1994, kowa a rukunin da aikinsa, wani ya kawo tambayoyi, wani ya zaɓo gurin da ya fi taɓa shi ya karanta a fili, wani ya haɗa labarin da abin da ke faruwa a duniya, wani ya yi zane. Amma kar ki maƙale wa rabon aikin nan, dan farkon koyo ne kawai aka yi shi, in sun saba sai a saki su yi hira yadda ta zo. Kuma dan Allah ke ki raba rukunin da kanki, in kika ce kowa ya zaɓi nasa to yarinyar nan da kika ce ana tsangwama ita zata rage a tsaye ita kaɗai.

Hajiya Maman_Uku kuma ina tare da ke kan cewa rubuta na matasa a bango ba shaida ba ce, akwai na ɗan sha biyu akwai na ɗan sha takwas duk sunan ɗaya.

Malamin_Shawara:

Sannunku. Ni ɓangaren ba ɗalibai shawara nake, kuma akwai abu ɗaya da nake so Malama ta yi hattara da shi sosai. In labari ya yi kama da abin da ke faruwa a ajin, yara zasu fara waige suna kallon mutum ɗaya, wani ya yi tari, wata ta kira suna ƙasa ƙasa a yi dariya. Yarinyar da kike son taimaka wa sai ta zama ita ce abin kallo, ta koma gida da ciwon da yafi na da. Saboda haka tun ranar farko a kafa doka, maganar mutanen cikin littafi muke, ba a kiran sunan kowa, ba a cewa kamar wance. Kuma kar a taɓa tilasta wa yaro ya tashi ya ba da labarin sanda abokinsa ya ci amanarsa. Amfanin ƙagaggen labari ai shi ne yaro ya samu ya faɗi abin da ke ransa da sunan wani, ya ce ni ina ganin tauraron tsoro yake ji, alhali kansa yake nufi, to ki bar masa wannan rufin asirin. In kina so su fitar da na ciki ki sa su rubuta wasiƙa zuwa ga ɗaya daga cikin mutanen labarin, ke kaɗai zaki gani. In kuma kika ci karo da abin da ya nuna ana cutar da yaro ko yana tunanin cutar da kansa, wannan ya wuce darasin adabi, ki kai inda ya dace a makarantar ba tare da ɓata lokaci ba.

Sannan kan abin da kika ce suna fita su ci gaba da halinsu, kar ya karya miki gwiwa. Margo Gardner da Laurence Steinberg sun yi wani gwaji da aka wallafa a 2005, suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai wasu kuma sa'o'insu na kallo. Matasa in abokai na gurin sai kasadarsu ta ƙaru sosai, manya kuwa bambancin kaɗan ne. Ga kuma ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. To yaron da ya ba ki amsa mai kyau a aji ba lallai ƙarya yake ba, ya san daidai ɗin, yin sa a gaban abokai ne ke gagararsa. Shi yasa ni nake ƙara wani abu bayan muhawarar, in ce to mun yarda ya kamata ya yi wa abokinsa magana, da wane baki zai fara? Su fito biyu biyu su gwada, ɗaya ya zama tauraron ɗaya abokin. Nan zaki ga ana in-ina, ana dariyar kunya, wani ya fara da zagi abokin ya juya baya, wani ya gano cewa gara ya ja shi gefe ya ce ni ba zan tona ka ba yau amma ka maida wayar nan kafin gobe ko ni in je. Samun kalmomin a baki tun kafin ranar ta zo yana taimaka musu ƙwarai.

Baba Tsohon_Malami, da girmamawa zan ɗan ƙara kan Kohlberg. Bincikensa na farko yara maza zalla ya yi da su, kuma Carol Gilligan da ta yi aiki tare da shi a Harvard ta ƙalubalance shi a 1982, ta ce ma'auninsa ya fifita maganar doka da adalci ya rage darajar mai tunanin kula da mutane da kare zumunci. Na kawo wannan ne dan kar malama ta ɗauka yaron da ya ce a nemi hanyar da ba za a rasa abokin ba tunaninsa bai kai na mai cewa doka doka ce ba. A labarin abota ma sau da yawa shi ne ya fi ganin matsalar gaba ɗayanta.

Ɗalibar_Jami'a:

Ni ba malama ba ce, ban daɗe da barin sakandare ba, ku yi haƙuri in sa baki. Gaskiya abin da ke kashe mana littafi shi ne da an ce zai fito a jarrabawa, shikenan sai neman taƙaitawa a intanet ko a kwafi na wanda ya karanta. Malamar da na fi tunawa karanta mana take da bakinta minti goma a farkon darasi, ta tsaya a gurin da yafi daɗi ta rufe, mu yi ta roƙo ta ƙi, har waɗanda basa son karatu sai ka gansu suna rububin littafin lokacin tara. Kuma ba ta taɓa ce mana kun ga irin halinku ba. Da ta faɗa da mun tsani littafin.

Malamar_Adabi:

Kai amma na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya in sha Allah zan karanta shi tas kuma zan rubuta wa iyaye takarda da sunan littafin kafin mu fara. Malamin_Shawara maganar waigen nan ta tsaya min a rai dan na san ajina, tabbas zasu yi, dokar nan da ita zan buɗe. Saura abu ɗaya, makaranta dole sai na kawo maki a ƙarshen zango, to in na daina tambayar me kuka koya akan me zan ba da makin? Bana so ya zama wanda ra'ayinsa ya yi daidai da nawa shi ke cin maki.

Tsohon_Malami:

Ki ba da makin kan hujja Malama. Ki ce su zaɓi shawara ɗaya da wani a labarin ya yanke, su faɗi ko sun yarda da ita, su kawo gurare biyu daga littafin da ke goya musu baya da lambar shafi, sannan su rubuta hujja mafi ƙarfi da wanda bai yarda da su ba zai kawo, su amsa ta. Wanda bai karanta ba ba zai iya ba, wanda kuma ya saɓa miki amma ya kafa hujjarsa da kyau ki ba shi makinsa cikakke, in akwai gyara a tunaninsa ki rubuta masa a gefen takarda ko ki kira shi ku yi magana. Wasiƙun da Malamin_Shawara ya ce kuwa kar ki sa musu maki ko ɗaya, ki dai karanta ki mayar wa kowa tasa a hannu a naɗe.